Ƙanwata makauniya ce kuma ta dage sai ta karanta aikin lauya, wa ya san hanya?

Ɗan Ƙofar Ran

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta muhawarar mutane ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya sha kaina. Ku yi haƙuri, zancen zai ɗan yi tsawo.

Ni tela ne, shagona na wajen kasuwar Wunti a nan Bauchi. Mu bakwai ne a ɗakinmu, ni ne babba, kuma tun rasuwar mahaifinmu ɗawainiyar gida ta dawo wuyana. Autarmu ce dalilin wannan rubutu. Da idonta garau aka haife ta. Tana aji biyar na firamare ta fara kukan ciwon kai, tana cewa in ta kalli fitila sai ta ga zobe ya kewaye ta. Muka ɗauka rigimar yara ce. Aka yi ta ɗiga mata maganin kemis, wata tsohuwa ta kawo kwalli da jiƙon saiwa, sai da yarinya ta fara karo da kujera da rana tsaka sannan muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan sakacin namu ne, har gobe yana cin raina.

Ta yi shekara biyu a ɗaki ba ta ko leƙa zaure. Daga baya wani maƙwabcinmu ya matsa mana muka kai ta makarantar masu buƙata ta musamman. Wallahi cikin 'yan watanni ta iya rubutun makafi, ta dawo hutu tana shafa takarda da yatsa tana karanta wa Inna, Inna na share hawaye da gefen mayafi. Yanzu shekarunta 20, ta gama sakandare. Lissafi ya ba ta wuya a WAEC, amma da ta sake zama a NECO ta samu. Kiredit bakwai gare ta, har da Turanci da Adabin Turanci. Ga haddar izu arba'in a ka. Ni da nake da idanu biyu ban fito da ko huɗu ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Ta ce lauya take so ta zama. Tun tana ƙaramar sakandare ba ta da aiki sai sauraren shirye-shiryen shari'a a rediyo, in aka yi rabon gado a unguwa ita ke lissafa wa mata tumunin takaba. Bappanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne uba a gare mu yanzu, ya ce karatu ya isa haka. Wai akwai wani magidanci mai mata biyu da ya fito, ya ce zai rufa mata asiri saboda Allah, kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Da na ɗan yi magana sai ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ita kuwa Inna ba auren ne ya dame ta ba, tsoro take ji. Kullum tambayarta ɗaya: wa zai ja ta zuwa aji? Namiji ne zai riƙe mata hannu? In dare ya yi ta so zagayawa fa? Ni kuma ina tsakiya kamar tsinken tsire. Zuciyata na tare da yarinyar, amma ban taɓa taka jami'a ba sai in na kai wa wani ɗinki, ba ni da amsar da zan ba su.

Abin da nake nema a wurinku shi ne, na ji an ce JAMB a kwamfuta ake yin ta yanzu, to wanda ba ya gani yaya yake yi? Sannan wace makaranta ce za ta karɓe ta? Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke kusa da mu an fi saninta da kimiyya da injiniya. An ce mini jami'ar jiha, wadda yanzu ake kira Sa'adu Zungur, tana koyar da shari'a a Misau, haka ma jami'ar jihar Gombe. In ta shiga, yaya za ta yi da littattafai da jarrabawa? Kuma wane irin kuɗi zan tanada? Ina roƙo, wanda ya taɓa bin wannan hanya da ƙafarsa ya yi magana. Ra'ayi kam na sha shi a majalisa har na ƙoshi.

Baban Sadiq

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da riƙon zumunci. Ka ce ba ka son ra'ayi, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ni da kake gani ina da digiri, shekarata shida ina tuƙa Keke Napep tsakanin Muda Lawal da Yelwa. Idona biyu, ƙafata biyu, takardata na ƙarƙashin katifa. Karatun lauya shekara biyar ne, a ƙara da makarantar horar da lauyoyi, a ƙara da yajin aikin da ba a rasawa. Duk a kan keken ɗinki ɗaya? In ta fito aka rasa aiki, mai son auren ya tafi, ƙuruciya ta tafi, me ka yi ke nan? Ba na goyon bayan a yi mata dole. Amma kada ka ɗauki Bappa mugu, ya ga jiya ya ga yau. Ni da ƙanwata ce, jarin da zan zuba a jami'a sai in buɗe mata sana'a a cikin gida, turaren wuta ko saƙa, ta kuma buɗe makarantar hadda tunda Allah ya ba ta kai.

Malama Mai Allo

Wa alaikumus salam Malam. Ni malama ce a ɓangaren ilimin masu buƙata ta musamman, na raka ɗalibai wannan jarrabawa ba sau ɗaya ba. Bari in sauke maka nauyin tambayarka ta farko, don ita ce mafi sauƙi.

Makafi ba sa shiga ɗakin kwamfuta tare da sauran jama'a. A 2017 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya kafa wani kwamiti da ake kira JEOG ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, aikinsa shirya wa makafi da wasu masu lalura jarrabawarsu daban. Ana tara su a cibiyoyi 'yan kaɗan a faɗin ƙasa, kuma cikin ikon Allah Bauchi na ciki, haka Jos da Kano da Yola. Hukumar ce ke ɗaukar masauki da abinci da kuɗin mota, na ɗalibi da na ɗan rakiyarsa. Ana karanta tambaya da murya, a maimaita, ɗalibi ya amsa da abin da hannunsa ya saba: allon rubutun makafi, ko tafireta, ko kwamfuta. Darussa huɗu ne kamar na kowa, Turanci dole, maki 400.

Inda ake faɗawa rami shi ne wurin rijista. Sai ka ga an tura yaro shagon kwamfuta da hoton ɗaliba, ya cike fom ya tsallake gurbin da ake nuna lalura. Ranar jarrabawa a tura ta cibiyar kowa da kowa, a zaunar da ita gaban allon da ba ta gani. Na ga wadda shekara guda ta salwantar mata a haka. Don haka ka kai ta da kanka ofishin JAMB ko cibiyar da hukuma ta amince da ita, a faɗa ƙarara cewa makauniya ce, kafin ku tashi kuma a karanta muku abin da aka cike. Ta fara mallakar lambar NIN, don tun 2021 ba a rijista sai da ita. Layin wayar da za a yi amfani da shi ya zama nata, kada ya ɓata, har ta gama jami'a ana komawa kansa. Ku tafi da sakamakonta a hannu, domin tun 2024 hukumar ta sanar da yafe kuɗin fom ga masu lalura da suka cika kiredit biyar.

Bayan JAMB kowace jami'a tana da tata tantancewar, kuma a nan ba JEOG. Da zarar sakamako ya fito ku rubuta wa magatakardar makarantar wasiƙa, ku ajiye kwafi mai tambarin karɓa. Kada a jira sai ranar tantancewa a tsaya bakin ƙofa ana roƙo.

Batun makaranta kuwa, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano duka suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, duka kuma suna koyar da shari'a. Amfanin haka shi ne akwai mutanen da suka iya rubutun makafi a cikin harabar, ɗalibi makaho ba baƙon abu ba ne. Filato ma tun 1953 take da makarantar makafi a Gindiri. Akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, tun 1977, amma wannan ta masu son koyarwa ce. Na kusa da gida kuma suna da nasu amfanin da kai ka fi ni sani. Ka je da ƙafarka ka ga kowacce, zuwa da kai ya fi aike.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka, ko da yake a bakina zai yi banbaraƙwai. Za ku haɗu da mai ce muku a mayar da ita sashenmu, ko sashen addini, wai shi ya dace da ita. In ita ta zaɓa, madalla, muna maraba. Amma kada a sauya mata kwas don kawai wani ya ga sauƙin kansa. Akwai makafi lauyoyi a ƙasar nan suna tsayawa gaban alƙali.

Na Jekadafari

Salamu alaikum. Yayan Auta, ka ce kana son wanda ya bi hanyar da ƙafarsa, to ga ni. Daga Gombe nake, ƙyanda ce ta tafi da idona ina ɗan shekara shida. Na yi digiri a ilimin zamantakewa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare. Wannan rubutun da hannuna nake buga shi, ba wanda ke riƙe mini waya.

Duk abin da Malama ta faɗa haka yake. Sai dai in gaya maka, shiga ita ce mai sauƙi. Kwana ukun da na yi a wurin JAMB ji na yi kamar ɗan sarki. Ranar da na shiga jami'a kuwa, ba wanda ya san da zuwana. Ba zan kama sunan makarantar ba, don na ci gishirinta, kuma akwai mutanen kirki a cikinta.

Lakcar farko malami ya juya ga allo ya ce, kun ga wannan, in kun haɗa shi da wancan sai ya ba ku wannan. Aji ya ce e. Ni ina zaune kamar an dasa ni. Na sayi 'yar rikoda, na riƙa ajiye ta a kan tebur. Wani malami ya ce kada in kuskura in naɗi muryarsa, wai bai san inda zan kai ta ba. Sai da shugaban sashe ya sa baki. Handaut kuwa, a raba wa kowa, ni ma a miƙo mini nawa, in karɓa in ce na gode, in shafa in ji sumul. Dare ya yi in nemi mai karanta mini, ni kuma ina huda takarda da tsinke. In ba ka taɓa gani ba, ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa su ba da kowane harafi, kuma daga dama ake hudawa zuwa hagu, sannan a juya takardar a karanta. Shafi ɗaya na mai ido yakan cinye kusan uku nawa, ga takardar mai kauri ce mai tsada. Kafin in gama aji biyu, buhunan takarduna sun fi katifata cin wuri. Masu karanta mini kuwa, Allah ya saka musu, amma ɗan Adam ne. Farkon zango kowa na da lokaci. Jarrabawa ta matso, sai ka ji takun mutum ya zo bakin ƙofa ya juya a hankali, yana zaton ban gane tafiyarsa ba. Ban taɓa riƙe kowa a zuciya ba, shi ma ta kansa yake yi.

Ga wanda ba zan manta ba. Malamanmu ba su iya karanta rubutun makafi ba, saboda haka da tafireta nake jarrabawa. Ana karanta mini tambaya, in buga amsa. A aji biyu, wata jarrabawa da na fi kowa shiryawa, na zauna na yi ta bugu awa biyu, shafi biyar. Mai tsaron na bakin ƙofa yana hira. Da na zare takardun na miƙa masa sai ya yi shiru, can ya ce, Malam, ai babu komai a jiki. Ashe zaren tawadar ya zame tun a layi na uku. Sawun haruffa ne kawai a farar takarda. Na fita na zauna gindin wata darbejiya, ni da gemuna, na yi kuka kamar yaro. Sai shekara ta zagayo na sake wannan darasi.

Na ba ka wannan labari ne don ka gane abin da zan faɗa. Kafin a yi zancen wace jami'a, Auta ta koyi abu biyu, kuma daga yau.

Na farko, buga kwamfuta da yatsu goma. Akwai manhaja mai suna NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka fara ta a 2006. Duk harafin da ka taɓa za ta faɗa maka a kunne, duk abin da ke kan allo za ta karanta. Akwai JAWS ma, amma kuɗinta sai mai hali. Da ina da wannan a lokacin, da tun a layi na huɗu na san akwai matsala. A waya kuma akwai TalkBack, tana cikin yawancin wayoyin Android, kunnawa kawai ake yi. Hausa dai tana karanta ta kamar Baturen da ya kwana biyu a Kano, amma kunne na sabawa. Abin lura, in aka ɗauki hoton handaut aka turo, manhajar ba ta ganin komai sai an bi ta wata kamar Lookout ta mayar da hoton rubutu. Don haka ta koyi roƙon malami ya ba ta ainihin abin da ya buga. Karatun shari'a karatun tulin littattafai ne, wanda ya ce zai yi shi da bakin abokai kaɗai zai sha wuya. Kwamfuta ta hannu mai batir mai kyau ta fi mata sabbin atamfofi goma, ka ga ni da tela nake magana.

Na biyu, sanda. Na san abin da za ka ji a ranka. A ƙasar Hausa in an ga makaho da sanda, kwanon bara ake nema a ɗaya hannun. Ni ma sai da na shekara biyu ina ƙin ta. Wata rana ina tsaye bakin ƙofar makaranta, na sha shaddata ina jiran ɗan acaɓa, sai ji na yi an buɗe tafina an cusa mini naira hamsin, an ce a yi mana addu'a. Na yi masa addu'ar, na hau acaɓa da kuɗinsa. Ba na raina masu bara, na san abin da ya kai da yawansu, kuma Sarkin Makafin unguwarmu na cikin waɗanda suka ƙarfafa mahaifina ya sa ni a boko. Amma wannan kunyar ita ta jefa ni a buɗaɗɗen lambatu har sau biyu, tabon na nan a ƙaurina. Duk tambayoyin Inna guda uku, amsarsu farar sanda ce. Mai sanda ba ta jiran kowa ya riƙe mata hannu, ba ta tashin kowa da tsakar dare.

Baban Sadiq, kada a ce makaho ya rasa ido ya ce yana wari, na yarda aiki ya yi wuya. Amma kai da takarda ta ƙi ka, ka kama kan Keke. Ni in ta ƙi ni, me zan kama? Abin da ya sa karatu ya fi zama dole a kanmu ke nan.

Bappa kuma, kada ka ja da shi, ba za ka ci riba ba. Ka nemi malamin da yake jin nauyinsa ya tuna masa dalilin saukar Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma abin da ya kawo shi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman ilimi ne. Daga baya ya zama ladan tare da Bilal, har ana bar masa riƙon Madina in an fita.

Sannan in tambaye ka, ba don in ɓata maka ba. Na ji ta bakinka, na ji ta Bappa, na ji ta Inna. Ita mai abin, ka zauna da ita ka tambaye ta yadda ta tsara za ta yi?

'Yar Azare

Ni ba makauniya ba ce, shan inna ce ta kama ni ina ƙarama, a keken guragu na yi NCE ɗina. Zan yi magana ne a matsayin mace, don akwai abin da maza ba za su gaya maka ba.

Ajinmu na hawa na biyu. Wata guda cur samarin ajinmu ke cicciɓa ta da ni da keken, mutum huɗu, ina riƙe da bakin hijabina ina addu'a ƙasa ta tsage. Da na gaji na rubuta wa shugaban sashe takarda, cikin mako ɗaya aka sauko da ajin ƙasa. Ashe ba wanda ya hana, ba dai wanda ya tambaya. Banɗaki kuwa ƙofarsa ba ta cin kekena, sai na daina shan ruwa daga asuba har la'asar, a zafin Azare. Ciwon mara na samu a sanadin haka.

To ku rubuta wa shugaban kula da harkokin ɗalibai tun kafin a koma. A ba ta ɗaki a ƙasa, kusa da banɗaki da famfo, gadon ƙasa, kuma kada a riƙa sauya mata ɗaki duk shekara, don wanda ba ya gani da ƙafa yake haddace wuri. In da hali ta zaɓi abokiyar zama da kanta. Kuma wannan ka gaya wa Inna daga gare ni: tsoronta na kan hanya. Yarinyar da ta dogara da mutum ɗaya tal, shi ke karanta mata, shi ke kai ta, shi ke duba mata sakamako a allon sanarwa, ta shiga hannunsa. Ta yi ƙawaye mata da yawa, ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu lalura in akwai, ta saba da matan masallacin makaranta.

Ba alfarma kuke roƙo ba. Akwai dokar hana nuna wa masu lalura bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta ce mutumin da ya nuna bambanci tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ma'aikata kuwa naira miliyan 1. Ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Baban Sadiq zai ce a takarda ne, ni ma na sani, har yau ina cin karo da matakala. Amma wasiƙar da ta ambaci doka ba a jefa ta a kwando da sauri kamar wadda ta zo da don Allah don Annabi kawai.

Kuɗi kuma, akwai bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, babu kuɗin ruwa, ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Ba zai ishe ta ba, amma zai rage wa kekenka gudu.

Auren kuwa, ni ina ajin ƙarshe na yi nawa, 'ya'yana uku. Karatu bai kore mini miji ba. Amma auren tausayi a tsakanin kishiyoyi biyu, ga ba ido, ga ba ko sisin kanta, ku dai yi istihara da kyau.

Ɗan Ƙofar Ran

Jama'a Allah ya biya ku, ban san da wane baki zan gode ba. Baban Sadiq, har da kai, don lissafin da ka yi shi ke hana ni barci.

Malam Na Jekadafari, tambayarka ta ƙarshe ta kama ni dumu-dumu. Jiya bayan isha'i na zauna a tsakar gida na karanta musu komai. Ina cikin yi wa Auta bayanin TalkBack da ƙwarewata, sai ta fashe da dariya. Ta ce, Yaya, shekarata biyu ina amfani da ita a wayar Inna, kai kake zaton aljanu ke magana a ɗakinmu da dare? Ashe suna da zaure a WhatsApp ita da tsofaffin 'yan makarantarsu, uku a cikinsu suna jami'a yanzu. Zancen JEOG ta fi ni saninsa. Har ta gama tsara darussa huɗun da za ta zauna. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce ai ba a tambaye ni ba, a kaina ake ta shawara kamar buhun masara. Kunya ta rufe ni.

Labarin tafireta kuwa, da na kai wurin ta yi tsit. Ta ce a makaranta sun ɗan taɓa kwamfuta, amma guda biyu ce ga aji guda, hannunta bai faɗa ba. Na yanke shawara kuɗin ɗinkin sallar bana ba zan sake keke ba kamar yadda na yi niyya, kwamfuta ta hannu zan nema mata.

Inda muka yi karo shi ne sanda. Ta ce sam. Wai ita da sanda a titin Bauchi, a ce 'yar gidan Malam wane ta fara bara? Inna ma ta goya mata baya, karo na farko da suka haɗu a kan abu ɗaya. Na karanta musu labarin naira hamsin, suka yi dariya har da ƙwalla, amma ba ta sauko ba. Da safe dai na ji tana tambayar Inna wai irin mai naɗewar nan tana shiga jaka?

Bappa na je na same shi tare da limamin masallacinmu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari ta ci jarrabawar tukuna, mai neman auren kuma a ce masa ya dakata zuwa bayan damina. Ina jin a ransa yana ganin ba za ta ci ba. Ni dai na karɓa hannu bibbiyu.

Ranar Talata zan rufe shago mu je a gyara mata NIN, an yi kuskure a shekarar haihuwa. Misau da Gombe kuma zan je da ita, ba ni kaɗai ba. Saura tambaya ɗaya: ita sandar a ina ake samunta, kuma wa ke koyar da ita?

Na Jekadafari

Tana shiga jaka, ka gaya mata, gaɓa huɗu ce take naɗewa. Ina da guda biyu, amma tawa za ta yi mata tsawo in ba doguwa ba ce. Ka ɗauko tef ɗinka na ɗinki, Inna ta auna ta daga ƙasa zuwa ƙahon zuciya, da takalmin da ta saba fita da shi, ka turo mini ta akwatin saƙo. Koyarwa kuma mace ta koya mata, ku koma tsohuwar makarantarsu ku tambayi malamar da ke koyar da tafiya. Kada a fara da titi. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa Islamiyya, da sassafe kafin 'yan sa ido su fito. Kai kuma ka bi ta a baya taku goma, in ka ga za ta yi karo da turmi ka kame bakinka.